Jar Tawada a Kan Sunan Surukina

Ilimina bai wuce elemantare ba. Da shi aka ɗauke ni malamin ajin manya a Kurmin Kogi, shekaru kaɗan kafin Turawa su miƙa mulki. Aka ba ni allo da alli da rajista mai baƙin bango, da kwalaben tawada biyu, baƙa da ja. Da rani kawai muke zama, bayan la'asar, a wata rumfar kara kusa da ƙofar gidan mai gari. Gefe uku na rumfar a buɗe suke, bayanta kuma an kafa zana saboda rana.

Koyarwar ba ta ba ni wuya kamar rajistar ba. Kowane zama sai na kira suna. Wanda ya amsa in ja masa 'yar sanda, wanda bai zo ba in sa masa sifiri. A ƙarshen layin kowa akwai gurbin da ake rubuta halin da yake ciki da ranar da halin ya sauya: ya shiga, ya tafi cin rani, ya ƙaura, ya dawo, ya bari, ya rasu. Ƙarshen wata in kwafe sauye-sauyen a takarda a kai Ikara, daga can a wuce da ita Zariya. Wanda ya yi wata guda cur ba a gan shi ba, kuma babu uzuri, sai a ja jan layi a kan sunansa a rubuta ya bari. Wanda aka ja wa layi ba ya zaman jarrabawa, ba ya samun takardar shaida, sai rani ya zagayo ya sake daga farko.

A ranina na biyu, wata rana matata tana kwashe tuwo, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Baba ya ce a sa shi."

Na ce, "A sa shi ina?"

"A littafinka mana, Malam. Ko akwai wani wurin da kake sa mutane?"

Mahaifinta mai mazarƙwaila ne, yana da fadamar rake a bakin rafi. Ya yi karatun allo, yana rubutun ajami mai kyau, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba. Taubashinsa, wani wanzami, ya riga shi shiga aji, ya kuma addabe shi a kasuwa, yana cewa ranar da ya karɓi takardarsa zai ba shi ya riƙe masa, in dai ba zai juya ta kai ƙasa ba. Dattijon ya ce in Allah ya yarda rana ɗaya za su karɓa.

Ni kuwa tun da na auri 'yarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya nakan ratse, in babu wurin ratsewa in tuɓe takalmi in durƙusa. Yaya zan tsaya a kansa da alli in ce ya maimaita? Shi ma ba zai iya zama a tabarma yana ɗaga kai yana kallon mijin 'yarsa ba. Ita ce ta samo mafita. Zai riƙa zama a bayan zana yana ji, akwai kuma kafar da yake hango allo ta ciki.

Na rubuta sunansa, amma ban taɓa kiransa ba. In na iso layin sai in ɗan yi shiru in wuce. Wanzamin ba ya barin shirun ya wuce lafiya.

"Malam, ka tsallake mutum! Ko harshen ne ya sarƙe?" Sai ya juya wajen zana. "Kai na bayan zana, amarya ce kai? Amsa mana mu ji muryar!"

Sai a ji tari daga baya, a ji an ce ƙasa-ƙasa, "Askin ma da ka gada kana yanka mutane, balle boko."

Aji ya fashe da dariya, ni kuwa in duƙar da kai a kan rajista kamar ban ji ba. A kan wannan duk aikin ya tsaya. Ni ban ji shi ba, ban gan shi ba. Gurbinsa nakan bar shi fili har in koma gida. Matata takan je gidansu gaisuwa kafin magariba, ta dawo da littafin rubutunsa a cikin mayafi, ta ce, "Baba ya zo yau." Sannan in buɗe rajista in ja masa sanda. In duba aikin, in gyara da fensir, in ce mata, "A gaya wa mai littafin nan ya daina fara rubutu daga dama." Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ka gaya masa, in kana da ƙarfin hali." A wajen kai da kawowa ita ma ta koyi baƙaƙen, har takan riga ni ganin kuskure.

Ana tsakiyar matsar rake zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyar ta yi. Allah ya jiƙanta.

Bayan sadakar bakwai na koma aji. Ranar farko, kafin in gama kiran suna, na ji ƙamshin hayaƙi da dafaffen ruwan rake ta bayan zana, na san ya zo. Wanzamin bai yi tsokana ba, ba wanda ya yi. Da na koma gida na buɗe rajista na zauna da alƙalami a hannu, babu mai ce mini ya zo. Na rufe ta, gurbin fili. Kashegari ma haka. Littafin rubutunsa bai sake zuwa hannuna ba, don ba mai kawo shi.

Da na so, da na ce wa wanzamin ya riƙa gaya mini ya zo, kalma biyu ce. Ban ce ba. Na daɗe ina neman dalili, kuma abin da na samu ba mai kyau ba ne. In aji yana maimaitawa, muryarsa takan biyo baya kaɗan, kuma yadda yake jan ƙarshen kalma haka ita ma take ja. Na kai matsayin da nake so in shiga rumfar nan in tarar bayan zana babu kowa. Shi da ya rasa 'yarsa yana iya zuwa, ni na kasa jin zuwansa.

Sai labari ya zo cewa mai duba azuzuwa ya baro Zariya, ya bi ta Kudan da Makarfi, yana ƙirga kawuna yana gwadawa da rajista. An ce a wajen Likoro ya sami sunaye babu mutane, ya karɓe allon malamin. Na buɗe tawa na ga gurabe na wata guda a buɗe a layin surukina. In na cike su da sanduna, zai ce ina mutumin? In ce yana bayan zana? In ya ce in kira sunansa ya fito fa? Na tsoma alƙalami na cike su da sifiri, na ɗauko jar tawada na ɗora rula na ja layi. Na rubuta ya bari, na sa kwanan wata, na kwafe a takardar ƙarshen wata aka kai Ikara.

Ranar jarrabawa mai dubawa ya iso da hantsi a kan babur, mutum ne siriri mai tabarau. Mutane sun zauna, sai ga surukina cikin farar riga da rawani. Ya shigo ta gaban rumfa, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya juya mini gefe. Ranar ba ni zan kira suna ba, ba ni zan tsaya a kansa ba, shi ya sa ya iya shigowa.

Mai dubawa ya kira sunaye ya gama, ya ƙirga kawuna, ya tarar da ɗaya ya yi yawa.

"Baba, kai fa? Ban ji ka amsa ba."

Wanzamin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a kira shi ba. Ɗan aji ne, ya ma fi mu duka, ko da yake ba na so ya ji. Ban da kwanakin makoki ba ranar da bai zo ba."

Mai dubawa ya tambayi sunan, wanzamin ya faɗa. Ya bi layi da yatsa har ya tsaya a kan jan. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, nan an ce ya bari, ga sifiri wata guda. Su kuma sun ce yana zuwa. Wanne zan kai wa Baturen ilimi, littafinka ko bakinsu?"

Da na ce kuskurena ne, ina jin da ya yi mini faɗa, ya sa na rubuta ya dawo, ya sa hannu a gefe. Wataƙila da ya karɓe allon. Ban sani ba, don ban gwada ba. Na tsaya ina kallon ƙafafuna.

Surukina ya ce, "A ɗan nuna mini."

Aka miƙa masa rajistar. Ya ɗora yatsansa mai kanta, ya karanta sunansa ta ƙarƙashin jan layin, a fili, ba gargada. Ya bi sifiran ɗaya-ɗaya har ƙarshe, ya karanta abin da na rubuta, har da kwanan watan. Wannan ne karo na farko da na ji karatunsa ba zana a tsakaninmu.

Ya mayar da littafin da hannu biyu ya ce, "Malam bai taɓa ganina a ajin nan ba. Abin da idonsa ya gani ya rubuta."

Wanzamin ya zabura. "Haba ɗan'uwa! Ka ji tsoron Allah, kowa a nan ya san..."

"Rufe mini baki. Ka yi ta kanka, kada ka faɗi jarrabawa."

Mai dubawa ya ce, "Ikon Allah, ga karatu kuwa. To Baba, baɗi ka shigo ciki ka zauna a gan ka." Surukina ya ce to, ya miƙe ya sa takalmansa ya fita. Da aka gama, mai dubawa ya sa hannu a rajistar, ya ce tun daga Kudan bai ga mai tsabta irinta ba.

Bayan kwana uku na roƙi wanzamin ya raka ni. Na tafi da niyyar in faɗi gaskiya. Na durƙusa a bakin zaure, aka yi doguwar gaisuwa, aka yi wa mamaciya addu'a. Kafin in buɗe baki, surukina ya dubi taubashinsa, ba ni ba.

"Ka gaya wa Malam kada ya sa abin nan a ransa. Tun da aka kai ta makwancinta ba wanda ya gaya masa ina zuwa. Ni ya kamata in aika, ban aika ba. Ta yaya zai sani?"

Wanzamin ya juyo ya dube ni, bai maimaita saƙon ba. Ya jira. Shi ya san na sani, yana ganina in na ji tari na duƙar da kai. Ina jin dattijon ma ya sani. Na ce, "A ce masa na gode."

Abin da na iya faɗa ke nan. Na ce wa kaina in rani ya zagayo zan rubuta sunansa a layin farko, in je da kaina in gaya masa. Da damina, dawa ta kai gwiwa, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.