Minmosi da Ƙafar Matarsa

Minmosi, mijin yayata, mai zanen kabari ne, ɗan mai zanen kabari. Ana cewa ranar da aka haife shi sai da ungozoma ta ɓanɓare alkalami daga hannunsa. Ni na ƙirƙiro wannan maganar, amma ta bi gari, har uwarsa kafin ta mutu ta ce ta tuna an yi haka.

Aikin nasu kun san shi. A tsoma igiya a jar ƙasa, a ja ta a bango, a sake ta ta buga layi, a yi ta yi har bango ya zama gida-gida. Mutum gida goma sha takwas ne daga tafin ƙafa zuwa goshi, ko wada ne shi, ko dogo kamar goruba. Kowane namiji saurayi ake zana shi, kowace mace budurwa, domin yadda aka zana ka haka za ka tashi a can lahira, haka kuma za ka zauna har abada. Minmosi ya taɓa zana shugaban ma'aikata, mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki da rabin yini, ya yi masa ciki a shafe kamar faifai. Mutumin ya duba ya ce, "Ai kuwa ni ne sak."

Minmosi ba ya magana. Na rantse da Amun babban allahnmu, kalmomin da ya faɗa a shekara talatin ba za su cika ƙwarya ba. Sai ga shi ya auri Nubiyi, yayata, wadda in ta kira shi cin abinci har mutanen ƙetaren kogi sai sun wanke hannu. Ga ta da jiki, ƙofar gidansu sau biyu ana faɗaɗa ta. Tun tana ƙarama jakin da ke kawo mana ruwa ya taka ta, ƙafar hagu ta karkace ciki, ta tashi da ɗingishi. Ƙauyenmu titi ɗaya ne, gida manne da gida, kowa ya san takunta. In Minmosi ya gama kwana takwas ɗinsa na aiki a dutsen kaburburan sarakuna ya sauko, sai ya zauna bakin ƙofa yana sauraren takun nan har ta shigo. Hirarsu ke nan. Ba su haihu ba.

Ranakun hutu yake haƙa nasu kabarin a gefen tsauni, rami a ƙasa da ɗan ɗakin sadaka guda a samansa. Ya zana gonakin can, ya zana ɓaure, ya zana tebur da burodi da albasa da giya, ya zana kansa. Wurinta kaɗai ya rage fari, don duk ya ɗauko alkalami sai ta ce, "Kai dai bari sai na rame."

Ba ta rame ba. Zazzaɓi ya kama ta lokacin cikar kogi, kwana uku ta tafi.

Masu kanwa suka ɗauke ta. Kwana saba'in za su yi suna busar da ita suna naɗewa, ran na saba'in a rufe kabari, kuma dole kafin nan ta kasance a bango. Minmosi bai yi kuka ba. In an ajiye abinci ya ci, in ba a ajiye ba ba ya tambaya. Ni ma da bakin nan nawa kwana goma ban yi gulmar kowa ba, har maƙwabta suka ɗauka ni ce na mutu.

Ran kwana ashirin na kai masa burodi kabarin da hantsi. Ina shiga na gan ta. Ya zana ta da ja, ta cika gidajen ta tumbatsa, wuya uku, ƙafar hagu a karkace. Yaya Nubiyi ce tsaye a bango, saura kawai ta ce in rufe bakina ƙuda zai shiga.

Na ce, "Mijina, igiyar ce ta tsinke, ko kai ne?"

Ya karɓi burodin ya ci.

Mutum ɗaya tak na gaya wa, ita ma sai da na sa ta rantse. Kafin rana ta karkata babban wanmu Kenro, mai fasa dutse, ya hauro tsaunin yana huci, ni ina biye.

"Kai Minmosi, hauka kake? Shekara arba'in 'yar'uwata tana jan ƙafar nan. Yanzu da ta samu ta ajiye, sai ka sake ɗaura mata, har abada kuma?"

Minmosi bai juyo ba. Ya ce, "Yaya, kurwarta za ta fita da safe ta dawo da yamma. In ta dawo ta tarar da wata siririya a nan, za ta ce ba nan ba ne. Ta wuce."

Kowa ya san abin da ke samun kurwar da ta wuce mazauninta. Yawo take, ba ci ba sha.

Kenro ya ce, "Ai za ka rubuta sunanta a sama."

"Ba ta iya karatu ba."

"Ubanmu ma bai iya ba, ya kuma gane nasa."

"Wa ya dawo ya gaya maka?"

Sai Kenro ya ɗauko farar ƙasa ya kwaɓa ya shafe bangon. Minmosi ne ya riƙe masa ƙwaryar.

Bayan kwana goma ya sake gwadawa. Ya zaunar da ita a kujera, ya ja rigarta har ƙasa, ƙafafu duka a rufe. Kenro ya zo ya duba ya ce, "To, da ɗingishi take yi, yanzu ka yanke mata duka biyun. Da gindi za ta ja zuwa gona?" Aka sake shafewa.

Ran idi aka fito da gunkin ƙauye a kafaɗar mutum takwas, masu tambaya suka yi layi. In ya matso gaba, e ne, in ya ja baya, a'a. Minmosi ya tsaya gabansa ya ce, "Ubangijina, in zana ta yadda take?" Gunki ya ja baya da ƙarfin da saura kaɗan ya faɗa kogi, kogin da ke tafiyar rabin yini daga nan. Kenro yana cikin masu ɗaukarsa, a sandar gaba. Ni dai ban ce komai ba. Minmosi ya sunkuya ya yi godiya ya tafi.

Daga nan bango ya zauna fari. Kullum ya hau da safe, ya zauna gabansa, fitila ta cinye manta, ya sauko. Na daina tsokanarsa, don tsokanar ba ta samun wurin zama, kamar ka jefa tsakuwa a yashi.

Ran sittin da tara ya tsoma igiya, ya buga layi, ya ƙirga goma sha takwas. Ina zaune ina kallo. Hannun ne ke aikin, shi kamar ya aike shi ne ya tsaya jira. Kafin rana ta take ya gama: budurwa siririya, fata ruwan ɗorawa, ido har kunne, ƙafafu biyu miƙe kamar an auna su da ma'auni. Ya rubuta Nubiyi a sama, ya wanke alkalami.

Washegari aka kawo ta. Mata muka zuba ƙasa a ka muka yi kururuwa, mai addu'a ya taɓa bakinta da gizago don ta iya ci da magana a can. Duk wanda ya leƙa bangon sai ya yaba. Kenro ya rungume shi yana kuka, yana cewa yanzu ƙanwarsa har gudu za ta yi. Minmosi ya ce, "Na gode, Yaya." Aka rufe ramin.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ya ci gaba da aiki, bai sake aure ba, duk da na jera masa zawarawa sun kai ɗari. Duk ran idi yakan kai burodi da giya ɗakin sadaka na kabarin, inda zanen yake. Wata rana na bi shi na laɓe, kun san hali. Ya ajiye kwanon, ya durƙusa kamar wanda ya shiga gidan mutane.

Ya ce, "Sannu, 'yar mutane. Ni ne kuma, ki yi haƙuri da damu. In wata mai jiki ta zo wucewa tana jan ƙafar hagu, don girman iyayenki ki kira ta. Ki ce mata nan ne."

Ya ɗan jira. Sai ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya wuce ni a bakin ƙofa, bai ko tambaye ni me nake yi a wurin ba.