Cigiyar Zobe a Kasuwar Deptford

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Zailani Gaya ya san hannunsa na dama ba ya dunƙuluwa. Yatsun a karkace suke, kowanne ya kama gabansa. Mutane kan ɗauka haɗarin mota ne. Ba mota ba ce, takalma ne, kuma labarin ba mai daɗin ji ba ne.

A 1975 gwamnatin jiha ta turo shi Landan koyon zanen taswira. Kuɗin mai ya shigo, ana ta yanka filaye da hanyoyi a gida, ana neman masu hannu. Zailani kuwa Allah ya ba shi hannu: zai ja layi haka kawai, ka rantse da rula ya ja. Ya kama ɗaki a Camberwell shi da matarsa Luba. Sauran ɗalibai idan alawus ya fito sai su sayo rediyo mai kaset da wando fantalo. Shi sai ga shi da wata sanda mai faifai a gindi da abin sawa a kunne, wai na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Luba ta ƙare mata kallo, ta tambaye shi ko sharar titi aka koma koya musu.

Bai kula ta ba. Ya kwashe mata cokula ya binne a bayan gida yana gwaji, har ya gane kukan na'urar: wanne ne na ƙusa, wanne ne na abin kirki. Daga nan ya fara zuwa bakin Kogin Tems ta wajen Deptford, lokacin da ruwa ya janye ya bar taɓo. Abin da yake dawowa da shi bai wuce murafen kwalba da tsofaffin mabuɗai ba, sai wari. Amma yana jin daɗin abin ƙwarai, don a nan ne kaɗai babu mai kallonsa a garin.

Wata Asabar na'urar ta yi wani kuka siriri. Ya tona, ya ɗauraye, sai ga zoben zinariya mai kauri, a cikinsa an zana ɗan tsuntsu.

Wani zai jefa a aljihu ya yi gaba. Zailani ba haka aka rene shi ba. Mahaifinsa ya koya masa hukuncin tsintuwa tun yana ƙarami: a yi cigiya shekara guda a inda jama'a ke taruwa, kada a faɗi alamar abin, mai shi ne zai siffanta. Kafin nan amana ce a wuyanka. Abokinsa Haggai, mutumin Pankshin mai tura marasa lafiya a babban asibitin unguwar, ya yi ta ba shi baki.

"Malam, nan ba kasuwar Gaya ba ce. Ka yi report wajen police, ka miƙa musu, ka huta."

Zailani ya ce ɗan sanda ba shi ya tsinta ba, ba shi za a tambaya gobe kiyama ba. Taurin kansa ke nan, kuma Haggai ya san magana ta ƙare.

Ya fara tsayawa duk Asabar a tsakiyar kasuwar Deptford, tsakanin mai kifi da mai yadi, yana ɗaga murya da Turanci cewa ya tsinci zoben zinariya a bakin kogi, mai shi ya zo da alama. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗauka wa'azi yake. Bai taɓa kawo wa ransa cewa shela yake wa kowane ɗan iska cewa akwai zinariya a jikinsa ba, kuma wannan ne kuskurensa na farko.

Su uku suka zo, samari masu aski ƙwal da takalma masu ƙarfe a baki. Babbansu ya ce zoben uwarsa ne. Zailani ya yi murna har cikin ransa, ya tambaye shi me aka zana a ciki. Saurayin ya ce sunanta ne a ciki. Zailani ya girgiza kai, ya ba shi haƙuri da ladabi, ya saɓa na'urarsa ya nufi kogi. Rana tsaka ce, bai ko waiwaya ba.

A matakalar dutse mai sauka bakin ruwa suka cim masa. Bai ga dukan farko ba, sai dai ya ji ƙeyarsa ta yi dum, ya gangara har ƙasa, bakinsa ya cika da taɓo da jini. Suka fizge na'urar, suka karya ta a gadon bayansa. Suna zagin launin fatarsa, suna shuri, haƙarƙari, ciki, fuska, ko'ina. Ya ji haƙori a kan harshensa ya tofar. Cikin wannan hali ya zura hannu aljihu ya damƙe zoben, kuma wannan ne kuskurensa na biyu, don sun ga inda hannun ya nufa.

Ɗaya ya take masa wuyan hannu a kan dutse. Babban ya ɗaga takalmi ya sauke a kan dunƙulen. Zailani ya ji ƙasusuwan suna ɓarewa kamar ana taka busasshen kara. Ya yi ihu, ba ƙarya, ya kira sunan Allah, ya kira mahaifiyarsa, har fitsari ya kufce masa. Tsoro ya kama shi matuƙa. Ya san hannun nan da shi yake cin abinci, ya san da ya buɗe shi shi ke nan, za su tafi. Amma abu ɗaya ke masa yawo a kai: saurayin bai faɗi tsuntsu ba. Takalmin ya sake sauka, ya sake, har yatsun suka daina jin umarninsa, ko ya so buɗewa ba za su buɗu ba.

Wasu ma'aikatan jirgin ruwa ne suka kwatsa wa samarin tsawa daga sama, suka watse. Ruwa ya riga ya fara dawowa, yana lasar ƙafafunsa.

Haggai na bakin aiki a asibiti aka shigo da Zailani jina-jina, bai gane shi ba sai da ya ga hularsa. Shi ya tura gadon yana hawaye yana masa faɗa. Sai da aka sa Zailani barci likita ya iya ɓamɓare hannun, ya zaro zoben daga cikin tsokar tafin. Da Zailani ya farfaɗo ya ga Luba a kansa, zoben ya fara tambaya. Ta kwance bakin gyalenta ta nuna masa.

"Ga shi nan, maigida. Allah ya isa tsakanina da zoben nan."

Zane dai ya ƙare. Ya gwada da hagu, layin ya fito kamar tafiyar tsutsa, makaranta ta sallame shi cikin mutunci. Abokan karatunsa suka koma gida suka zama manya a ma'aikatar filaye. Shi kunya ta hana shi komawa hannu rabbana, ya samu aikin karɓar tikiti a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, a nan ya tsufa.

Cigiya kuwa bai fasa ba. Da filasta a hannu ya koma tsakanin mai kifi da mai yadi, Luba na tsaye a bayansa fuska a murtuke, mai kifin ya ajiye wuƙarsa kusa. Yanzu babu mai dariya. Babu kuma wanda ya zo ya ce tsuntsu.

Ranar da shekara ta zagayo, zoben ya zama nasa halak malak. Ya zauna a bakin gado ya gwada shi a hannun dama, yatsa bayan yatsa. Gaɓoɓin duk sun kumbura sun kangare, babu inda ya shiga. Luba ta miƙo hannu za ta sa masa a hagu, ya ce ta bari, ba wannan hannun ne ya riƙe shi ba.