Yinin da Na Fake a Banɗaki

Masa nake soyawa lokacin da karen maƙwabcinmu ya yi shiru. Tun da muka tare a McLeansville, a nan Amurka, ban taɓa jin bakin karen nan ya huta ba, ko ganye ne ya faɗo sai ya yi masa haushi. Na leƙa ta tagar kicin. Iska ta ɗauke gaba ɗaya, zafi ya danne gari kamar an kifa masa tukunya. Sama kuma ba baƙin hadarin da na sani a Kano ta yi ba, wani kore-kore ta yi irin na ruwan kududdufi.

Masar ta sadaka ce, saboda Auta. Auta 'yar Anti ce, Anti kuma ƙanwar mahaifiyata ce. A nan Greensboro, birnin da ke kusa da mu, aka haife ta, kuma da kaɗan na girme ta. Da ta gama jami'a, ita da ƙawayenta suka tafi hutu wani ƙaramin tsibiri can kudu, irin wanda sai an sauka daga jirgin sama a sake hawa na ruwa. Kullum sai ta turo hotuna: ruwa shuɗi shar, kwakwa a hannu, tana dariya har kunne. Ni kuwa ina kallo ina ninke kayan maigidana. Direban babbar mota ne, sai ya yi kwanaki yana hanya. Ba ni da lasisin tuƙi, ko kanti sai Auta ta samu sarari ta zo ta kai ni. Teku ma ban taɓa gani ba, alhali an ce ba wani nisa gare ta daga nan ba.

Sai mahaukaciyar guguwa ta faɗa wa tsibirin. Ta kwashe rufin gidaje, wuta ta ɗauke, teku ta tashi, jiragen ruwa suka daina zirga-zirga. Da farko shiru. Daga baya saƙonta ya shigo cewa suna raye, amma zafi kamar zai dafa su, ruwan sha ya yi wuya, kuma teku ta ƙi kwantawa balle a fito da su. Tun daga nan babu sunan da ake ji a bakin Hausawan garin nan sai nata. A guruf ɗin mata na waya, safe da yamma: “Ya labarin Auta?” “Allah Ya dawo mana da Autarmu.” Ni ma na yi mata addu'a, wallahi na yi. Amma ni da nake zaune lafiya, sai in wuni ba wanda ya ce min ci kanki.

Ranar aka shirya saukar Alƙur'ani domin Auta a gidan Anti da ke East Greensboro. Da safe ta kira ni.

“'Yata, ke ce mai hannun masa. Ki soya mana da yawa, bayan la'asar zan turo a ɗauka.”

Na ce to, Anti. Masar za a zo ɗauka, ni ba a yi zancena ba.

An dai faɗa a labarai cewa ragowar guguwar nan za ta hau tudu ta iso mana da ruwa, amma hankalin kowa yana tsibiri.

Ina tsaye a tagar wayata ta kwarma wani ihu da ban san tana da shi ba. Saƙo ne da Turanci: guguwa mai juyawa ta nufo yankinmu, kowa ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa yanzu. Gidanmu na katako ne, a kan bulo aka ɗora shi, ba shi da wani ƙarƙashi. Na kira maigidana, bai ɗauka ba. Na kira Anti, ta yi ta ƙara har ta tsinke. Na sake kira, haka. Ana karatu, wa zai kula waya?

Sai na yi abin da na sani. Na kashe murhu, na rufe tagogi, na shimfiɗa dadduma a falo, na ɗauki carbi. Alƙiblar gidan tana kallon babbar tagar falon ne, bayanta kuma akwai wata tsohuwar bishiya. Na fara ja ke nan waya ta yi ƙara. Auta.

“Yaya! Kina ina a cikin gidan?”

“Auta? Ke da ba ku da layi?”

“Na hau saman bene, a nan ake samu. Wayata ta nuna min unguwarku ta yi ja a taswirar yanayi. Kina ina?”

“Falo, ina kan dadduma.”

Ta zabga wata magana da Turanci, sannan ta dawo Hausarta mai gargada. “Banɗaki, yanzu! Shiga cikin baho, ki ɗora filo a kanki.”

“Banɗaki? Ke kina da hankali kuwa? Addu'a nake yi.”

“Shi ne a tsakiyar gidan, ba shi da taga. Yaya, don Allah!”

“In ajali ne ya zo, a masai kike so ya same ni?”

“Mu ma a banɗaki muka tsira, ni da ƙawayena, mun cushe a baho kamar kayan wanki. Tashi mana!”

Wani abu ya daki rufin gidan. Na ajiye carbin a kan kujera, na fizgi filo. A bakin ƙofa na karanta addu'ar shiga, na sa ƙafar hagu, na ja ƙofar. Daga nan bakina ya mutu. Tun ina ƙarama Inna ta horar da mu: ba a ambaton Allah a banɗaki, ba a hira, ba a daɗewa. Ko atishawa ka yi a ciki, godiyar sai ka fito.

Wuta ta ɗauke. Na naɗe a cikin bahon, waya a kunne, filo a ka. Ƙarar ta taso daga nesa kamar jirgin ƙasa, kunnuwana suka toshe, bangon yana motsi a jikin kafaɗata. Tsoro ya cika ni, amma ba shi kaɗai ba. Falon Anti nake gani a idona: mata cike, kowace da nata rabon karatun a hannu, Malam a gefe, turaren wuta yana tashi. Duk wannan saboda yarinyar da muryarta ke kunnena, garau, tana ba ni umarni. Ita ta ga teku, ta sha kwakwa, guguwa ta zo ta wuce ta, gari guda ya durƙusa dominta. Ni da ragowar guguwarta ta biyo har gida, babu mai ɗaga hannu ɗaya saboda ni, kuma an kawo ni inda ba zan iya roƙa wa kaina ba.

Na ce a raina ba zan mutu haka ba. In fita falo, in faɗi ko kalma ɗaya ce a wuri mai tsarki. Na miƙe, na kama hannun ƙofa.

“Na ji motsi. Yaya, kin tashi ne?”

Na fara murɗa hannun ƙofar.

“Ki koma! Ji nan, ni ba a banɗaki nake ba. Ni zan karanta, ke ki yi shiru kawai.”

Ta fara addu'o'in tsari, waɗanda aka koya mata a Islamiyyar ranar Asabar. Larabcin nata duk ya karkace, ta tsallake wani wuri, ta dawo, ta sake. Ina gyara mata a zuciyata, ina jin haushi ma: dubi wadda ake yi wa sauka. Sai na ji ta sako sunana a ciki, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Na saki hannun ƙofar na koma cikin bahon. Ko ya halatta a saurari irin wannan a irin wurin nan, har yau ban tambayi Malam ba.

Ban gama zama ba na ji falon ya fashe. Gilashi, katako, iska ta shigo gidan tana jan ƙofar banɗakin kamar mutum. Na yi ƙara. Auta ta ɗaga murya ta ci gaba.

Ban san tsawon lokacin ba. Ƙarar ta yi nisa, ta koma ruwan sama kawai. Can na ji karen nan ya fara haushi.

“Yaya, jan ya wuce ku, ya yi gabas. Sun janye gargaɗin. Kin tsira, fito.”

Na fito da ƙafar dama, na nemi gafara kamar yadda ake yi, sannan salati ya ɓalle min ba tsayawa. Reshen bishiyar nan ya shigo ta taga, yana kwance a kan daddumar daidai inda nake zaune ɗazu.

“Auta,” na ce, “a can gidan an ko ambace ni?”

“Ni ai na ambata.”

“Ke kaɗai.”

“Ni kaɗai, da Larabcina na Amurka. Ki yi maneji, Yaya.”

Layin ya yanke. Ina tsaye cikin gilashi wani kiran ya shigo. Anti ce, muryarta fal farin ciki. Su can ruwa kawai aka yi.

“'Yata, albishirinki! An ce gobe teku za ta kwanta, za a fito da su Auta. Na ga kiranki, muna tsakiyar karatu. Masar ta kammala?”

Na waiga kicin. Tana nan a cikin kula, a rufe, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

“Ta kammala, Anti,” na ce. “Wanda zai zo, ya bar min wuri a motar.”