Kazar da ta kusa shan wuƙa saboda ƙwanta

Jama'a, ina shigowa gidanmu na Zariya sai na iske Kaka riƙe da wuƙa, ta take fiffiken kazar da abokina ya kawo mani daga Jiratawa. Ga ƙwai biyu cikin faifai, ɗaya shuɗi, ɗaya kore-kore. Wallahi sai da na murza idona!

Na ce, "Tsohuwa, mi ta yi maki?"

Ta ce, "Ja'iri, ko dai kai ka tsoma su cikin bula, ko kuma kazar ta iskoki ce. In kai ne, ka sha muciya. In ita ce, ta sha wuƙa."

Na rantse ban taɓa su ba, amma an san ni da tsokana, rantsuwata ba ta da kasuwa a gidanmu. Na ce, "Lokacin zaɓe ne, kowa da kalar partinsa, ƙila ita ma ta yanki kati." Ko murmushi ba ta yi ba.

Da ƙyar ta yarda a jira. Washegari ta kife kazar da kwando, ta kafa kujera tana gadi. Da hantsi kaza ta yi kyarkyara, Kaka ta ɗaga kwando da hannunta. Ƙwai shuɗi, da ɗuminsa! Ashe irin kajin ne haka, in ji abokina da na tambaye shi daga baya.

Kaka ta yi salati, ta ajiye wuƙa, ta ce, "Ta tsira. Amma kai za ka fara ci. In ka kai la'asar, ni ma a soya mani."

Tsakani da Allah, ku da an miƙo maku shuɗin ƙwai, za ku ci?