Jirgin Baba da Birkinsa

Wata Asabar ce ta watan Afrilu, ina 'yar shekara tara, na durƙusa a filin da ke bayan gidanmu a unguwar Gorton, can ƙasar Turawa, riƙe da gwangwanin giris, yayyafi na shiga min wuya. Baba yana kwance gefen tirelar da ke ɗauke da ɗan jirgin ruwansa, yana dukan bayan taya da guduma. Birkin ya sake mannewa.

Baba ɗan masunta ne daga Yauri. Shekara da shekaru yana ɗaga kwalaye a wani sito a unguwar Cheetham Hill, kuma burinsa ɗaya ne: ya kai jirgin nan tafki, ya nuna min yadda ake riƙe filafili. Hutunsa kuwa mako guda ne a bazara.

Laifin nasa ne, kowa ya sani. Da sanyi ya shigo sai ya ja birkin hannu iya ƙarfinsa, ya bar shi haka wata biyar, tsatsa ta haɗe ƙarfe da ƙarfe. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature, ya sha gaya masa ya saki birkin, ya tare tayoyin da bulo. Baba sai ya yi murmushi kawai. A garinsu wanda ya bar jirgi a sake, da safe sai dai ya tarar da turke.

Haka makon ya tafi. Mu ɗaga tirela, mu cire taya, in goge tsatsa har yatsuna su yi ja, shi ya shafa mai a wayar birki. Mama ta leƙo ta taga: "Sarkin ruwa, leave ɗin saura kwana nawa?" Na gaji, na tsani jirgin nan ƙwarai.

Ranar Lahadi da la'asar tayar ta juya. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya zauna kan bulo, ya ce, "Gobe akwai shift. Sai baɗi, 'yata." Da ya tashi sai ya sa hannu ya sake jan birkin. Na gani.

Jirgin ya ruɓe a nan, ba mu taɓa sa shi a ruwa ba. Yanzu gwiwoyin Baba ba sa ɗaukarsa, ni nake kai shi bakin tafkin a mota, ya zauna kan benci yana kallon jiragen wasu. Ashe tafiyar ko awa biyu ba ta kai ba.