Daga Dama Ake Farawa

"Tsaya, mi kaka yi?" in ji Kawu Bala. Na sa wa motarsa ta haya sabon gasket, ina shirin ɗaure notunan kan injin.

Na ce, "Kawu, daga tsakiya ake farawa, don kan ya zauna daidai."

Ya ce, "Abin alheri duk daga dama aka hwara shi. Ko takalmi."

Motarsa ce, kuma shi ya rene ni. Na fara daga dama.

Bai kai Gummi ba ruwa ya haɗu da baƙin mai, motar ta tsaya, fasinjojinsa suka hau babura.

Da na je janyo shi, ya ce, "Damar wa ka bi, taka ko ta mota?"

Jama'a, ina damar inji take? Gobe zan sake ɗaurewa.