Matankaɗin Bature a Ɗakin Inno

Wata Laraba da hantsi, bayan girbin shinkafa, Turawa suna mulki, Baba ya dawo gidanmu na Kwargaba da wani abu a hammata. Kukun Bature ne ya ba shi a barikin Wurno, inda yake kai ciyawar doki. Katako ne mai dogon hannu, kansa zagayayye an saƙe shi da tsirkiya, nan take muka raɗa masa matankaɗin Bature. Aikinsa kuwa mun sani sarai, don ni da ƙanena Modi mun sha leƙe ta shingen bariki muna kallon Bature da matarsa suna buga wa juna ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu. Kafin azahar Modi ya yanko totuwar masara, ya cake ta da gashin zabo, ƙwallonmu ya haɗu.

Bai samu bugawa ba. Kakarmu Inno ta karɓa ta jujjuya, sai idonta ya faɗa kan wasu baƙaƙe masu ruwan zinariya a wuyan katakon. A lokacin nan rubutu ba abin wasa ba ne. Ko guntun takarda ka gani a ƙasa sai ka sunkuya ka ɗauka, ka cusa a tsagar katanga. Aka kai wa liman, ya ce shi bai san karatun Nasara ba, amma su ma masu littafi ne, wa ya sani ko da sunan Allah a ciki. Inno ta naɗe abin a tsumma ta soke a rufin ɗakinta.

Kullum muka dawo korar tsuntsu ko kiwon awaki, Modi yana bakin ƙofarta. "Inno, bugu guda ɗai." Ita kuma amsarta ba ta sauyawa: "Bari yayanka shi iya boko, shi hwaɗa muna mi anka rubuta." An sa ni elementare a shekarar, kaina kuwa ba mai saurin ɗauka ba ne, Inno har tsiya take mini wai maigidanta ya tafi makaranta cin tuwo. Modi ya yi ta buga totuwarsa da faifai, gashin ya tsige ya sake cakawa, yana jirana.

Bazarar da ta biyo, baƙon dauro ya shigo gari ya tafi da shi.

Sai bayan damina na iya haɗa baƙaƙe, na hau na kwance tsumman na kwafo rubutun, malaminmu ya fassara mini: sunan wanda ya sassaƙa ne, da garinsu a Ingila. Na je na gaya wa Inno. Sai ta ce, "Sunan masassaƙi? Don sunan masassaƙi nah hana ma yaron ga bugu guda?" Ta sauko da matankaɗin, ta buɗe tukunyar kayanta ta ciro totuwar Modi, ta miƙo mini duka biyun. Na karɓa, amma ban taɓa iya bugawa ba.

Yanzu jikokina suna tattaka leda da kwali masu rubutu, ba mai ko dubawa, abin bugun nan kuma har a kasuwar Goronyo ana sayarwa. Ban ga laifin Inno ba, ina ma kewar zamanin da ake girmama baƙi haka, sai dai abin yana ci mini rai. Na bar tsintar takarda tuni. Gashin zabo ne har yau in na gani a ƙasa nake sunkuyawa in ɗauka.